Raddi ga Masu Kwafar Yarjejeniya da Hannu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakanin masu rubuta manhaja a garin nan, kuma abin takaicin shi ne alfahari ake yi da ita. Za ka ji matashi yana bugun ƙirji, wai shi da hannunsa yake rubuta kowane layi, ba ya barin inji ya rubuta masa komai. Zai kwana uku yana kwafar sunayen gurabe daga wata takardar PDF mai shafi tamanin zuwa cikin manhajarsa, ido ya yi ja, baya ya ƙage, sannan ya ɗauki wahalar da ya sha a matsayin shaidar ƙwarewa. Ni a wurina wannan ganganci ne da dukiyar mutane, kuma da mai kwafar da wanda ya miƙa masa takardar duk akwai alhaki a wuyansu.

Mai karatun da ba sana'arsa ba ce kada ya ce ba ruwansa. Kuɗinka ne ke bi ta cikin waɗannan layuka, da sunanka, da lambar wayarka, da sakamakon jarrabawar 'yarka. Don haka bari in fara da warware zancen yadda kowa zai gane.

Mece ce yarjejeniyar?

Duk lokacin da ka tsaya wurin mai POS a Kantin Kwari ko ka tura wa wani kuɗi ta waya, manhajoji da dama ne ke magana da juna: ta cikin wayarka, ta bankinka, ta kamfanin da ke tsakani, da ta bankin wanda ka tura wa. Mutane daban-daban ne suka rubuta su, ba su san juna ba, kuma sau da yawa da harsunan kwamfuta daban-daban. Ta wayar ƙila da Dart ko Kotlin aka rubuta, ta shafin intanet da PHP, ta bankin da Java. Ƙofar da suke haɗuwa ita ce masu sana'a ke kira API, mu kira ta mahaɗa.

Kafin su fahimci juna dole a yi yarjejeniya: wane bayani za a aiko, da wane suna, da wane awo, kuma wace amsa za ta dawo. Misali, lambar asusu tana da alƙaluma goma, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya daidaita tun 2011. Amma dole a ɗauke ta a matsayin rubutu, domin da yawansu da sifiri suke farawa, kuma kwamfuta idan ta ɗauki abu a matsayin adadi sai ta watsar da sifirin farko, lambar ta koma tara. Lambar NIN alƙaluma sha ɗaya ce, BVN sha ɗaya, lambar waya ma sha ɗaya. Ido ba ya bambanta su, yarjejeniya ce ke faɗin wacce za ta shiga wane gurbi.

Hanya biyu ce ake ajiye wannan yarjejeniya. Ta farko, a rubuta ta da Turanci a takarda, kowa ya karanta ya kwafa gwargwadon fahimtarsa. Ta biyu, a rubuta ta sau ɗaya a wani fayil mai tsayayyen tsari wanda mutum zai iya karantawa kuma inji ma zai iya karantawa. Wannan fayil shi ake kira sikima. Ni zan kira shi asali. Daga asalin sai wata ƙaramar manhaja, wadda zan kira maɗaba'a, ta fitar da abu biyu cikin 'yan daƙiƙu. Na ɗaya, tafinta ga kowane harshen kwamfuta, wato guntun kod da ke bai wa mai Dart ko mai PHP damar yin magana da mahaɗar da harshen da ya saba. Na biyu, littafin bayani, shafin da ke nuna kowane gurbi da ma'anarsa da misalinsa. Idan aka canza harafi ɗaya a asali, aka sake juya maɗaba'a, tafintocin duka da littafin bayanin za su canza tare.

Hanya ta biyu nake karewa, ta farko kuma nake yi wa raddi.

Abin da masu tawada suka riga mu sani

Daga Kabara nake wannan rubutu, unguwar da ake danganta sunanta ga Malam Umaru, malamin da asalinsa ya fito daga Kabara ta bakin kogi kusa da Timbuktu, kuma unguwar da Shehu Nasiru Kabara ya rayu yana karantarwa yana rubutu har rasuwarsa a 1996. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san littafi tun yana warwatse a cikin gafaka, ganye-ganye, ba ɗinki. Ya kuma san cewa magabata ba su taɓa yarda da kwafi haka kawai don hannun mai shi yana da kyau ba.

Yau idan aka ce muƙabala, hankalin mutanen Kano kan tafi ga zaman muhawara. A wurin masu kwafar littattafai kalmar tana da wata ma'ana da ta girmi wannan: a ajiye kwafi gefen asali, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da ido, har a kai ƙarshe. Inda aka tsaya sai a sa alama a gefen shafi, inda aka gyara kuskure ma a sa alamar an inganta. A ƙasan kowane ganye kuma ana rubuta kalmar farko ta ganye na gaba, don kada takardu su hargitse. Duk wannan ɗawainiya saboda sun san abu ɗaya ne: hannun ɗan Adam yana zamewa. Ido yana tsallake layi idan layuka biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya. Ɗigo ɗaya yana mayar da harafi wani harafin. Kwafin da aka kwafa daga kwafi kuwa yana gadon kurakuran uwarsa, ya ƙara da nasa.

Da injin bugu ya samu, me malaman Kano suka yi? Ba su ce mutuncin ilimi yana cikin ciwon yatsa ba. Sai aka nemi masu kyawun hannu irin su Sharu Bala Gabari, su zauna su rubuta asali ɗaya a tsanake, a duba shi, sannan a ɗauki hotonsa a buga dubbai. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da ake saya a Kurmi da rubutun hannu irin namu, ta wannan hanya suka cika gari. An tattara dukkan kulawa a kan asali, aka bar wa inji aikin maimaitawa, domin inji ba ya gyangyaɗi.

To, ɗan'uwana mai manhaja, kai da ka kwafi gurabe ɗari biyu daga PDF da ƙarfe biyun dare, da wa ka yi muƙabala? Wa ya karanta maka asali kana bi? Ba kowa. Ka ɗauki wahalar magabata ka bar tsantseninsu. Kuma kai matsalarka ta fi tasu, domin matanin Ahalari ba ya canzawa, amma mahaɗar da ka kwafa za a iya canza ta ranar Talata mai zuwa ba tare da an taɓa takardar da ke hannunka ba.

Ba sabon yayi ba ne

Wasu na ɗauka wannan wani salo ne da ya shigo jiya. Tun 1984 hukumar sadarwa ta duniya ta fitar da tsarin rubuta irin wannan asali, wanda daga baya aka sani da ASN.1. Har yau da shi ake bayyana da yawa daga cikin saƙonnin da waya ke musaya da turken sadarwa, da waɗanda cibiyoyin kamfanonin waya ke musaya a tsakaninsu. Dalilin da ya sa wayar Tecno da aka saya a Farm Centre take magana da turken da Ericsson ko Huawei suka ƙera ke nan: injiniyoyinsu daga asali ɗaya suke fitar da kod. Da kowannensu da hannu ya kwafa bisa fahimtarsa, da ko gaisuwa ba za ka iya yi da ƙaninka da ke Fagge ba.

Kamfanin Google ya yi amfani da nasa tsarin, Protocol Buffers, a cikin gida na shekaru kafin ya sake shi kyauta ga duniya a 2008. Facebook ya saki nasa, Thrift, a 2007. A 2011 Tony Tam ya fitar da Swagger saboda mahaɗun da ke bi ta intanet; a ƙarshen 2015 aka miƙa tsarin ga wata gamayya a ƙarƙashin Linux Foundation, ya koma OpenAPI. Maɗaba'ar da ake kira OpenAPI Generator tana fitar da tafinta ga harsuna da dama, fiye da waɗanda duk masu manhajar Kano ke amfani da su idan an haɗa. Ko fitar da littafin bayani daga jikin kod ya tsufa: Javadoc tun 1995 yake, Doxygen tun 1997. Dukkansu kyauta ne. Wanda bai yi amfani da su ba, ba kuɗi ne suka hana shi ba.

Farashin zamewar hannu

Ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dala miliyan 125. Akwai yarjejeniya a rubuce da ta ce a riƙa ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da awon mita, wato niyuton. Wata manhaja ta kamfanin Lockheed Martin da ke aiki a ƙasa sai ta riƙa ba da shi da awon fam irin na Amurka. Bambancin ya kai ninki 4.45. Watanni tara kumbon yana tafiya ana lissafi da awon da ba shi ba, har ya kusanci duniyar Mars da kimanin kilomita 57 maimakon 226 da aka tsara, ya salwanta. A lura: takardar tana nan, kuma daidai take. Abin da babu shi ne injin da zai ƙi karɓar awon da ya saɓa mata. Idan haka ta faru da mutanen da suka iya harba kumbo, ni da kai su wa?

Namu niyuton da fam ɗin su ne naira da kobo. Mahaɗun biyan kuɗi da yawa da kobo suke karɓar adadi, don guje wa kuskuren da kwamfuta ke yi wajen lissafin ɓangaren adadi. Naira 5,000 za a aika ta a matsayin 500000. Idan gurbin sunansa kawai "adadi", bayanin kobon kuma yana ɓoye a shafi na 43, to wata rana mai shago zai sayar da atamfar naira dubu hamsin a karɓar masa naira ɗari biyar, ko a zare wa wata baiwar Allah ninki ɗari na abin da ta saya. Sai ka ƙara da cinikin Kano da Maraɗi. A ƙa'idar kuɗaɗe ta duniya, ISO 4217, naira tana da gurbi biyu bayan ɗigo, sefa kuwa ba ta da ko ɗaya. Yaron da ya haddace "a raba da ɗari" zai raba sefa ma da ɗari. A asali mai kyau ana ƙera nau'i guda mai suna kuɗi, wanda ba ya tafiya sai da adadi da sunan kuɗin tare, kuma kowane tafinta da maɗaba'a ta fitar zai ƙi aika ɗaya babu ɗaya. A Dawanau ma ba a cewa "ba ni goma" sai an faɗi kwano ne ko buhu.

Sannan ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato sunayenmu. Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il, Ɗanladi, Ƙasimu, Ɓaidu. Kowa ya san wani da aka ce masa sunansa "ba daidai ba ne" saboda ɗan waƙafin sama, ko wanda takardarsa ta fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a inda ƙ ko ɗ ya kamata su zauna. Haruffan nan suna cikin Unicode tun shekarun 1990, kowanne da lambarsa. Ƙaramar ƙ ita ce U+0199, ɗ kuma U+0257. Laifin ba na kwamfuta ba ne. Wani ne a wani wuri ya rubuta da hannu cewa suna shi ne abin da ke tsakanin A da Z, wani a wata manhajar ya yarda da waƙafi amma bai yarda da lanƙwasa ba, na uku ya yarda da duka amma ya ƙidaya tsawon suna da bayit, alhali ƙ bayit biyu take ci. Dokoki uku a ɓoye a wuri uku, ba wanda ya san da su sai ranar da Sa'adatu ta zo cire kuɗinta aka ce sunanta bai dace da na katinta ba.

Idan dokar suna tana cikin asali ɗaya, a fili take. Ana iya ganinta, a yi jayayya a kanta, a gyara ta sau ɗaya, gyaran ya bi kowane tafinta. Wanda ke son haruffan Hausa su samu mazauni a na'ura, ya fara da neman a fito da asali fili, domin ba a ƙalubalantar dokar da ba a gani.

Hujjojinsu

Na san abin da za a ce, domin na sha ji a wuraren taron masu sana'a da zaurukan WhatsApp.

Za a ce kod ɗin da inji ya fitar ba shi da kyan gani, ya cika tsawo, sunayensa wani iri. Sau da yawa haka ne. Amma wa ya ce ka zauna kana kallonsa? Ba a gyara shi da hannu, ba a karanta shi don nishaɗi. Ana fitar da shi, a yi amfani da shi, a zubar a sake fitarwa idan asali ya canza. Idan sunayen sun yi muni, galibi daga asalin ne, can za ka je ka gyara. Kuma ko da munin ya tabbata, na gwammace mummunan tafinta mai faɗin abin da aka ce a kan kyakkyawa mai ƙari da ragi.

Za a ce littafin bayanin da inji ya fitar fanko ne, jerin sunaye kawai ba ruhi. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Maɗaba'a ba ta ƙirƙirar ma'ana. Idan ka rubuta gurbi ka bar wurin bayaninsa babu komai, babu komai za ta buga maka. Amma wannan tuhuma ce a kan ragon marubuci. Matani daban, sharhi daban, kuma ba a taɓa cewa sharhi ya maye gurbin matani ba. Jerin gurabe da nau'o'insu da amsoshin kuskure, wannan matani ne, inji ya fitar da shi don kada ya saɓa wa abin da manhajar ke yi. Bayanin dalili, da yadda ake farawa, da abin da za ka yi idan an cire kuɗi saƙo bai dawo ba, wannan sharhi ne, mutum zai zauna ya rubuta. Wanda inji ya ɗauke wa kwafar matani shi ne ke da lokacin rubuta sharhi mai amfani.

Za a ce idan asalin da kansa yana da kuskure, inji zai yaɗa shi ko'ina. Ƙwarai kuwa, kamar yadda kuskure ɗaya a hannun marubuci yake fitowa a kwafi dubu goma idan an buga. Shi ya sa ake tsananta duba asali kafin a kai maɗaba'a. Kuskure ɗaya da ke wuri ɗaya, wanda kowa ke gani iri ɗaya, ana gano shi da wuri a kashe shi da gyara ɗaya. Kurakurai biyar mabambanta a manhajoji biyar sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne bayan ya yi ɓarna. Ƙari a kan haka, asali yana karɓar ƙa'idojin tsaro da takarda ba ta karɓa. A Protocol Buffers kowane gurbi yana da lamba, kuma ƙa'ida ce idan an cire gurbi a killace lambarsa, maɗaba'a ta ƙi yarda a sake ba wani. Amfanin wannan a wurinmu babba ne, domin akwai dattijon da ke riƙe da wayar da ba a sabunta manhajarta ba shekara biyu. Tsohuwar manhajarsa ba za ta karanta sabon gurbi da tsohuwar ma'ana ba.

Za a ce ba wuta, data tana tsada, waɗannan kayan 'yan gayu ne na ƙasashen da ba a ɗauke musu lantarki. Akasin haka ne. Maɗaba'a a kan kwamfutarka take aiki, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tana gama aikin kwana uku kafin ruwan shayi ya tafasa. Mai cajin awa biyu a batir shi ya fi kowa buƙatar kada ya ɓata su a kwafi.

Sabuwar hujja kuma ita ce, ai yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira, sai in liƙa mata PDF ɗin ta rubuta mini. Tana da amfani, ina aiki da ita. Sai dai ita ma mai kwafi ce, mai saurin hannu da kyan rubutu, wadda idan ta tarar da giɓi takan cike shi da abin da ya yi kama da daidai. Ka tambaye ta sau biyu, tana iya ba ka amsa biyu. Maɗaba'a kuwa idan ka ba ta asali ɗaya sau dubu, abu ɗaya za ta fitar sau dubu, idan kuma asalin ya karya ƙa'ida sai ta tsaya ta ƙi. A wurin da kuɗin marayu ke wucewa, mai tsayawa ya ƙi nake so. Ka sa basirar ta taya ka tsara asali, ka duba da idonka, sannan ka bar wa maɗaba'a bugu.

Akwai hujjar da ba a faɗa da baki, ita ce ta abinci. Idan aikin kwana uku ya koma na minti ɗaya, me za a rubuta a takardar neman biya? Wannan tsoro na gane shi, amma a duba da kyau. Wanda ya ba ka aiki ba yawan layuka yake saye ba. So yake idan sabis ya yanke a tsakiyar ciniki kada a cire wa mai saye kuɗi sau biyu, so yake manhajar ta buɗe a ƙaramar waya a Rimin Gado. Nan ne gwaninta take, kuma nan ne ake barin aiki rabi da rabi saboda an ƙarar da ƙarfi a kwafi. Sana'ar da ta dogara da ɓoye wa mai aiki cewa akwai hanya mafi sauƙi ba ta da nisan kwana.

Inda Hausa za ta shiga

Mun daɗe muna kukan babu littattafan fasaha da Hausa. Wasu masu kishi sun gwada fassara bayanan mahaɗu da hannu, Allah ya saka musu. Amma fassarar da aka yi a takarda daban tana fara tsufa tun ranar da aka gama ta. Bayan wata shida mahaɗar ta canza, Turancin ya bi ta, Hausar ta tsaya inda take. Ɗalibin da ya dogara da ita zai yi ta faɗuwa, daga nan ya yanke hukuncin cewa Hausa ce ba ta iya ɗaukar ilimin. Fassarar da ta saɓa wa asali ta fi rashin fassara illa ga harshen.

Mafita ita ce Hausar ta zauna a jikin asali. OpenAPI ya yarda a ƙara gurabe na musamman waɗanda sunansu ke farawa da harafin x da ɗan jan layi, don haka kowane gurbi zai iya ɗaukar bayaninsa na Hausa kusa da na Turanci. A 2024 ma gamayyar ta fitar da wani tsari mai suna Overlay, wanda ke ba da damar ajiye irin wannan ƙari a fayil na gefe a riƙa ɗora shi a kan asali lokacin bugu. Da haka maɗaba'a ɗaya za ta fitar da littafi biyu, kuma duk ranar da aka ƙara gurbin da ba a fassara ba, ana iya sa inji ya nuna shi. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero da matasa masu manhaja za su iya zama su daidaita kalmomi ɗari biyu ko uku da ake ta maimaitawa, a zuba su sau ɗaya. Yarinyar da ke koyon sana'ar nan a Gwale ko Zinder za ta buɗe shafi a wayarta ta karanta da harshen da take tunani da shi, tana da tabbacin abin da ta karanta shi ne abin da manhajar ke yi a yau.

Ga masu ruwa da tsaki

Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin buɗaɗɗen tsarin banki a 2021, ya biyo da jagororin aiwatarwa a Maris 2023. Ma'anar wannan ita ce mahaɗu za su ƙaru, kuma ƙananan kamfanoni irin namu na Arewa za su riƙa haɗuwa da manya kai tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumomi da bankuna da kamfanonin da ke buɗe mahaɗa: ku ba mu asali. Ku buga PDF idan kuna so, amma daga asalin za ku fitar da shi. Duk ma'aikatar gwamnati, ta jiha ko ta tarayya, da za ta ba da kwangilar manhaja, ta rubuta a sharuɗɗa cewa sai an miƙa fayil ɗin asali tare da aiki. In ba haka ba, ranar da ɗan kwangila ya tafi, ya tafi da yarjejeniyar a kansa, sai a sake biyan wani ya zo ya yi ta lalube.

Malamanmu na sassan kimiyyar kwamfuta a Bayero da Wudil da Zariya: ina roƙon kada ɗalibi ya kare aikinsa na ƙarshe sai ya nuna asalin mahaɗarsa, ya juya maɗaba'a a gaban masu jarrabawa, ya fitar da tafinta a harshe biyu. Darasin mako ɗaya ne, amfaninsa na tsawon sana'a.

'Yan kasuwa da masu makarantu da masu asibitoci da ke biyan kuɗi a rubuta musu manhaja: ba sai kun iya kod ba. Ku yi tambaya ɗaya kafin ku biya kason ƙarshe: ina asalin yarjejeniyar, kuma littafin bayanin nan daga jikinsa aka fitar ko da hannu aka rubuta? Idan aka fara kame-kame, kun samu amsa.

Ku kuma abokan sana'ata, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku ɗauki mahaɗa ɗaya cikin waɗanda kuke kula da su, ku rubuta mata asali a wannan makon, ku fitar da tafinta, ku ajiye shi gefen wanda kuka rubuta da hannu, ku yi musu muƙabala layi bayan layi. Duk wanda ya yi haka bai samu saɓani ko ɗaya ba, ya rubuto raddinsa a wannan mujalla, zan karanta da hannu biyu. Wanda kuwa ya samu, to ya tuna cewa kafin ya gano shi, wani bawan Allah ya riga ya biya kuɗinsa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.